Faci-Ɗaya da Hancin Tanki

Duk layin babu mai tuna sunansa na yanka. Faci-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin mutumin. Shekara ashirin ya yi yana facin taya a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke tsakanin shagon mai aski da teburin mai shayi. Ga bahon ruwa da ya yi baƙi ƙirin, ga injin iska mai tari, ga matattun tayoyi jibge a gefe. Aikinsa ba laifi, kar mu ci haƙƙinsa. Bakin ne dai ya fi hannun gudu.

"Ni sau ɗaya nake faci," haka yake gaya wa duk wanda ƙaddara ta sace wa taya a gabansa. "Tayar za ta mutu, motar ta mutu, kai ma bayan rai mai tsawo ka bi su, facina yana nan daram."

Yana da aƙida guda da ya gina rayuwarsa a kai: duk abin da ka ji yana huci, to huda ce, duk huda kuwa faci take jira. Ya taɓa liƙe 'yar hudar da ke murfin butar mai shayi, don Allah, ba wanda ya roƙe shi. Ranar butar ta yini tana tofa wa mutane ruwan zafi ta baki, mai shayi kuwa ya yi sati ba ya amsa gaisuwarsa.

Abin da ke ran Faci-Ɗaya tun tuni shi ne ya bar zaman rumfa ya hau babbar mota. Har lasin ya yi, ya naɗe shi a leda, yana sa shi a aljihun gaba yadda kansa zai riƙa leƙowa kowa ya gani. Motar da yake hari kuwa ta surukinsa ce, wanda ake kira Baba Direba. Wata farar tanka ce da tsohon ya shekara talatin yana ɗaukar man girki da ita, daga kamfanin matsar mai a wancan bakin gari zuwa siton da ake ɗura shi a jarkoki a wannan bakin. Da gwiwa ta ci amanar Baba, ta ƙi taka kuloci, dole ya nemi wanda zai miƙa wa makulli. 'Ya'yansa biyu, duka mata. Babbar, tela ce, ita ce matar Faci-Ɗaya. Ƙaramar tana auren wani direban tifa da ake ce wa Shiru-Shiru, mutumin da in ya yi magana goma a yini, to ranar ya yi surutu.

Baba ya tara su da sassafe a ƙofar gidansa, ƙafar ciwon a miƙe a kan benci, makulli a hannu.

"Kai ne babba, da kai zan fara," ya ce wa Faci-Ɗaya. "Sawu ɗaya. In mai ya isa sito lafiya, mota ta dawo lafiya, makulli ya zama naka. In ba haka ba, na wannan ne."

Shiru-Shiru ya ɗaga kai ya sauke. Jawabinsa ke nan.

"Abu uku zan gaya maka," in ji Baba. "A cikin tanki akwai jan layi, mai ba ya wuce shi. A sama kusa da murfi akwai wani ɗan bawul, mu hancin tanki muke ce masa, kar ka taɓa shi, kar ka bari wani abu ya toshe shi. Sannan kar ka ajiye mota a rana da kaya a cikinta. Dalili kuwa, shi mai in ya ji zafi..."

"Baba," Faci-Ɗaya ya katse shi, yana murmushi irin na wanda ake koya wa shan ruwa, "ni da iska shekara ashirin muna ci a kwano ɗaya. Ka huta da gwiwarka."

"Bari ya ƙarasa mana, Maigida," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Ke dai, Uwargida, je ki share ƙofar gida. Yau babbar mota za ta zo gaishe ki."

Baba ya dubi makullin, ya dubi surukinsa, ya yi ajiyar zuciya. Ya riga ya yi alkawari a gaban 'ya'yansa, don haka ya miƙa.

A kamfanin matsar mai, gari bai gama sakin sanyin safiya ba. Mai ɗura wa motoci wani dattijo ne siriri da ake kira Mai Sanda, saboda doguwar sandar awon da ba ya rabuwa da ita. Ya zura tiyo a bakin tanki, ya murɗa famfo. Faci-Ɗaya ya hau sama ya durƙusa yana leƙe. Can ya hango jan layin, ƙasa da baki da kamar tafin hannu biyu.

"Dattijo, wannan sararin da ke sama fa, na wane ne?"

"Na mai ne."

"Ai mai bai kai can ba."

"Zai kai. Yanzu da sanyi a takure yake. Bari rana ta ɗaga ka ga yadda zai yi miƙa. In bai sami wurin miƙar ba, da kansa zai nemi ƙofa."

Faci-Ɗaya ya tuntsire da dariya. "Miƙa? Mai ne ko mage?"

Mai Sanda ya ga irinsu da yawa. Ana haka wata motar ta shigo tana ta hon, aka kira shi. "Ga famfo nan," ya ce. "Da ya taɓa jan layi ka rufe." Ya sauka abinsa.

An bar kura da ajiyar nama. Faci-Ɗaya yana kallo mai ya hau, ya hau, ya taɓa layi. Ya ɗora hannu a kan famfo, sai wani tunani ya faɗo masa, irin tunanin da kan zo wa mutum ya ji duk duniya shi kaɗai ke da kai. Ashe shekara talatin Baba iska yake jigila daga wannan bakin gari zuwa wancan! Tafin hannu biyu na iska, kullum, ba wanda ya lura sai da gwani ya zo. Ya janye hannunsa. Mai ya haɗiye layin, ya ci gaba da hawa har ya sumbaci leɓen tanki. Sannan ya rufe famfo, ya danna murfi, ya ɗaure tam.

"Ka tsaya a layi?" Mai Sanda ya tambaya daga can ƙasa.

"Ni da layi mun gaisa."

Bai yi ƙarya ba. Sun gaisa, ya wuce.

A bakin ƙofa mai gadi ya dubi yadda motar ta zauna a kan tayoyinta. "Yau motar Baba ta yi ƙiba."

"Mai ciyarwa ta canja," in ji Faci-Ɗaya, ya sa wa mota giya.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana kallon ƙananan motoci daga sama yana tausaya musu. Amma da ya shiga tsakiyar gari sai ya tarar da cunkoso, irin wanda direbobi kan kashe mota su fito su sha iska. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara turiri. Yana zaune sai kunnensa ya motsa. Tsss. Shiru. Tsss, fut.

Ai ko yana barci ya san wannan muryar. Ya duro ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana shura yana tofa yawu a bakin kowane bawul. Duk lafiya lau. Ya ɗaga kai, sai ya ga wani siririn layin mai yana gangarowa a jikin farin tankin. Ya kama tsani ya hau. Ga hancin tanki nan, ɗan ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu ba, yana huci yana fitar da kumfar mai.

Ya tuna Baba ya ce kar a taɓa. Amma Baba ai lafiyayyen hanci yake nufi. Hancin da ke yoyo kuwa mura ce ta kama shi, kuma ga likita a tsaye. Dama akwatin aikinsa yana cikin mota, don mai faci ya bar gida ba hula ya fi masa sauƙi da ya bar akwati. Ya goge hancin tas, ya yanko robar cikin taya mai kauri, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya kifa masa ita kamar hula, ya naɗe gindin da waya sau uku ya murɗe da filaya. Ya kasa kunne. Tsit.

"Faci ɗaya," ya gaya wa sararin sama.

Direban wata babbar mota da ke gefe ya leƙo ta taga. "Kai, malam! Numfashin tankin fa ka toshe!"

"Ka ji da lodinka, ɗan'uwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

"Wallahi cire abin nan!"

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Faci-Ɗaya, ya shige mota ya ja gilashi.

Da hanya ta buɗe, ya iso mararraba. In ya yi hagu, minti ashirin ya kai sito, ya sauke, makulli ya zama nasa. In ya yi dama, layinsu ne. To amma ina amfanin hawa babbar mota in mai aski bai gani ba? Ya karya sitiyari dama.

Rana na tsaka ya shigo layi. Akwai wata babbar bishiya a ƙarshen layin, inuwarta ta isa ta rufe motar har da saura. Sai dai daga teburin mai shayi ba a hango wurin sosai. Don haka ya zo ya tsaya daidai gaban rumfarsa, inda ko inuwar tsinke babu, ya danna hon sau uku.

Mai aski ya fito da reza a hannu, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske. Mai shayi ya ajiye ludayi. Masu shaguna da masu wucewa suka taru.

"A'a!" in ji mai aski. "Wa ya ba ka aron giwa?"

"Aro? Zuwa la'asar tawa ce." Ya sauko a hankali, taka ɗaya-ɗaya, don kowa ya ƙoshi da kallo.

"Me ke ciki?"

"Man girki. Cike maƙil, har baki. Abin da Baba bai taɓa yi ba a shekara talatin, na yi shi a sawun farko."

Ya zauna a bencin mai shayi ya ba da labarin jan layi. Wasu suka zo a makare, ya sake ba da shi. A karo na uku labarin ya yi ƙiba, wai Mai Sanda har ya cire hula ya roƙe shi ya zo ya koya wa ma'aikata aiki.

Ƙum, in ji tanki.

Mai shayi ya saki kofin da yake wankewa. "Wannan ƙarar na san ta. Haka butata ta fara."

"Ƙarfe ne ke gaishe da sabon maigidansa."

"To maigida," in ji mai aski yana nuni da reza, "ga yaronka can yana gumi."

Gaskiya ne. Gefen murfin ya fara tsattsafo da mai. Faci-Ɗaya ya miƙe tsaye. Ba man ne ya dame shi ba. Wurin yana son faci, kuma in ya yi faci na biyu a gaban mutanen nan, sunan da ya shekara ashirin yana ginawa ya rushe ke nan.

"A miƙo min tampol ɗin nan na rumfa," ya ce. "Tsuntsaye ba su da kunya, kar su ɓata min kaya."

Aka miƙa masa baƙin tampol. Ya shimfiɗa shi a saman tankin, ya rufe murfi da hanci gaba ɗaya, ya rarrafa ya shige ƙarƙashi da akwatinsa. Ciki kamar tanda. Ya naɗe gefen murfin da doguwar roba, ya ɗaure. Garin juyowa ya lura hular da ya sa wa hanci ta kumbura, ta kai girman lemo. Ya ƙara mata waya zagaye biyu don ta san da wa take yi. Ya fito sharkaf da gumi, ya bar tampol yana shan rana.

"Faci na biyu ka yi?" mai aski ya tambaya.

"Na farkon na ƙara wa tsawo."

Daidai nan matarsa ta iso, zaren awo rataye a wuyanta, don hon ɗin ya same ta a kan keken ɗinki. Ta zagaya motar, ta ɗora tafin hannu a jikin tankin, ta janye da sauri.

"Maigida, zo mana." Ta ja shi gefe ta rage murya. "Ba kai ne kullum kake yi wa masu mota faɗa ba, kar su cika wa taya iska da zafin nan, wai in kwalta ta ɗau zafi fashewa take?"

"Wannan taya ce."

"To shi tanki rana ba ta san shi ba?"

"Uwargida, wannan aikin injiniyoyi ne, ba ɗinkin riga ba."

"Ko riga ai ana bar mata sarari a ɗinki, saboda ranar da mai ita zai ci ya ƙoshi."

Mai aski, wanda kunnensa ya fi rezarsa kaifi, ya ce, "Wallahi a ba ta makullin!"

Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Tsoro ne ya kama ta, ba na makulli ba, na mijinta. Da duk surutunsa tana son abinta, kuma ta girma a gidan da ake jin labarin tankunan da suka tsage. Ta koma gefe ta kira mahaifinta a waya.

Ƙum, in ji tanki. Ƙum-ƙum.

"Wai akwai wani a ƙarƙashin tampol ɗin ne?" in ji mutumin nan mai rabin aski.

Kowa ya ɗaga kai. Tsakiyar tampol ya taso kamar an ɓoye kankana, kuma ana kallo yana ƙara tasowa.

"Iska ce ta shiga," in ji Faci-Ɗaya, alhali ko ganye ba ya motsi. Ya haye tsani da sauri, ya je ya zauna a kan ƙullutun don ya kwantar da shi. Ƙullutun ya zame ya ɓullo ta gefen cinyarsa. Ya matsa ya sake dannewa, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Da ya ga idanu sun yi masa yawa sai ya harɗe ƙafa, ya ɗora gwiwar hannu a kai kamar matashi, ya fara jawabi a kan yadda zai gyara harkar jigilar mai a garin nan baki ɗaya.

Yana tsakiyar bayanin motarsa ta biyar babur ya shigo layin. Shiru-Shiru ne ke tuƙi, Baba Direba a baya, ƙafar ciwon a miƙe. Kallo ɗaya tsohon ya yi wa motar: rana, baƙin tampol, layin mai a jiki, suruki a sama. Sai ya saki wata murya da aka daɗe ba a ji ba.

"Kowa ya ja baya! Mai shayi, kashe wutarka! Ku matsa, na ce!"

Mutane suka dare. Mai shayi ya kashe risho ya rungumi butarsa.

"Kai kuma sauko!"

"Baba, komai yana hannuna."

"Me ka yi wa hancin?"

"Mura yake yi, na ba shi magani."

"Jan layi fa?"

Faci-Ɗaya ya ɗan yi tari. "Mun gaisa."

Baba ya dafe kai ya yi salati. Ya juya ga Shiru-Shiru. "Samo tiyo ka riƙa zuba wa jikin tankin ruwa. A kawo durom mu rage ta famfon ƙasa." Shiru-Shiru ya riga ya tafi. Baba ya sake ɗaga kai. "Ɗana, ka ji ni da kyau. Janye tampol ɗin a hankali, kar ka tsaya a kan murfi, kar ka taɓa komai, ka sauko."

Da Faci-Ɗaya mai jin magana ne, da labarin ya ƙare a nan. Amma ya ga duk layin yana kallonsa, ya ga makulli yana shirin tashi, sai ya yanke shawarar ya bar aikinsa ya yi magana da kansa. Ya miƙe tsaye, ya kama gefen tampol, ya fizge shi gaba ɗaya.

"Kai!" in ji jama'a da baki ɗaya.

Hular hancin ta zama wata baƙar kabewa, tana ƙyalli tana rawa, robar ta yi siriri har ana ganin mai yana juyawa a ciki.

"Kun gani?" ya ce. "Wannan shi ake kira faci! Duk ƙarfin tankin nan ya taru a kansa, ko gezau!" Ya sunkuya ya ɗan mare ta, irin yadda ake shafa wuyan doki. "Tankin zai mutu," ya sake mari, "motar ta mutu..."

Fau!

Mai ya yi tsiri sama ya wuce tsayin mutum, ya tsaya kamar yana neman wanda ya kira shi, sannan ya dawo kan Faci-Ɗaya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ya laluba tsani, tsani ya zama santsi. Ƙafa ta tafi, ya zauna daɓas, ya sulale ta gefen tankin yana ihu yana kama iska, ya faɗa cikin tarin matattun tayoyinsa. Mazaunansa suka shige ramin wata taya, hannu da ƙafa a sama.

Mai aski ya ruga ya taimaka, ya taka mai, ya tafi da baya. Mai rabin aski ya kama mai aski, suka tafi tare. Wani mai keke da ya shigo layin bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tarar da kansa zaune a ƙasa, keken ya ci gaba shi kaɗai. Mai shayi kuwa, da yake ɗan kasuwa ne, ya tsaya daga nesa ya miƙo kaskonsa ko Allah zai sa a dace.

"A kawo yashi a zuba a titi!" Baba yake ta faɗa. "Kar babur ya shigo!"

Tsirin ya ragu, ya koma malala, ya koma ɗigo. Hancin tanki ya yi tari sau biyu, ya tofar da guntun roba, ya koma hucinsa na da, a hankali. Shiru-Shiru yana ta feshin ruwa a jikin ƙarfen, turiri yana tashi.

Baba ya ɗingisa ya bi tankin daga kai har gindi, yana shafa kowane layin walda da tafin hannu. Babu tsaga. Ya zo ya zauna a benci. Sai da mutum uku suka taru aka zaro Faci-Ɗaya daga cikin taya, aka tsayar da shi a gaban surukinsa, yana ɗiga tun daga gira har yatsun ƙafa.

"Yau na gode wa Allah da facin nan naka," in ji Baba.

Faci-Ɗaya ya ɗago, ido ya fara haske. Ya waiwaya ya ga ko mai aski ya ji.

"Na gode da bai riƙe ba. Da ya riƙe yadda kake cika baki, tankin ne zai tsage, kana zaune a kansa, 'yata tana tsaye a gindinsa. Hancin nan da ka toshe, don haka aka yi shi, ya saki kaɗan kar babba ya fashe. Sararin da ka cike kuma ba iska nake jigila ba, wurin zaman mai ne in ya ji rana. Ka gode wa Allah man girki ne. Da fetur ne, da yanzu babu layin nan."

Faci-Ɗaya ya haɗiye yawu, da ɗan mai a ciki. Amma bakin da ya saba ba ya mutuwa rana ɗaya.

"Ai Baba, da gangan na sassauta wayar."

"Allah sarki," in ji mai aski daga ƙasa, yana murza ƙugu. "Ashe tayar babur ɗina ma wancan satin da gangan ka sassauta. Ka ce min sabuwar ƙusa ce."

Dariyar da aka yi har a bakin babban titi an ji ta. Baba bai yi ba. Ya miƙa tafin hannu kawai.

Faci-Ɗaya ya sa hannu a aljihu. Lasin ya fara fitowa, ledar cike da mai. Ya zaro makullin, ya suɓuce. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa, ya yi tsalle ya faɗi daidai gaban takalmin Shiru-Shiru, kamar dama can ya san hanya. Shiru-Shiru ya ɗauka, ya goge a rigarsa, ya dubi ɗan'uwan nasa da tausayi.

"Sannu," ya ce.

Abin ya yi wa Faci-Ɗaya ciwo, ciwo na gaske. Shekara da shekaru yana kallon manyan motoci suna wuce rumfarsa yana cewa wata rana, ga ranar ta zo ta tafi kafin la'asar, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi. Ya zauna a kan taya ya sunkuyar da kai. Matarsa ta zo ta tsuguna, ta ciro ƙyallen ɗinki tana goge masa fuska, tana dariya hawaye na zuba.

"Kai dai ka tsira," ta ce. "Mota ai ƙarfe ce."

Shiru-Shiru ya yi aikinsa ba hayaniya. Ya rage mai a durom biyu har jan layi ya fito fili, ya kankare gam daga hancin, ya wanke shi, ya danna ya ga yana motsi, ya cire robar murfi. Aka zuba yashi a titi aka share. Ya hau ya tayar da mota.

Tsss.

Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mai shayi ya sake rungumar buta. Baba ya ɗaga kai yana duban hanci. Faci-Ɗaya kaɗai bai motsa ba, kunnensa ne kawai ya juya.

"Ba hanci ba ne," ya ce a hankali. "Tayar baya ce, ta hagu, ta ciki."

Aka leƙa. Haka ne kuwa. Akwatinsa ya biyo shi lokacin da ya sulalo, ya zube, motar ta ɗan matsa ta taka wani tsinin ƙarfe daga cikin kayan.

Baba ya daɗe yana kallon surukinsa, gefen bakinsa yana motsi. "To," ya ce, "wannan hucin naka ne. Tattaro kayanka."

Ai kamar an zuba wa shuka ruwa. Faci-Ɗaya ya miƙe, ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya sa jak, ya kwance taya, ya tsoma roba a baho har kumfa ta nuna masa wurin. Hannun nan ya san aikinsa, ba mai musu. Ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura. Mutane suka dawo suka zagaye shi, shi kuwa da ya ji idanu a kansa sai ƙirji ya fara tasowa. Ya ɗauki almakashi ya gyara murya.

"Yanzu za ku ga aiki. Ni sau ɗaya nake..."

"Sa biyu, Maigida," in ji matarsa.

Ya dube ta. Ya dubi Baba. Ya dubi hancin tanki da ke can sama yana hucinsa. Sannan ya sunkuya, ya yanko biyu.